Inda Maganaɗisu Ya Ƙi Kamawa

3 ga Maris

Gajera,

Gaisuwa daga tsohon da ya rasa abin yi. Ina fata kina lafiya, ke da mahaifiyarki da ɗalibanki masu gudun lissafi. Ni dai da sauƙi. Ƙafar hagu ce har yanzu ke yajin aiki. Likita ya ce za ta koyi tafiya, amma ba za ta ƙara taka kuloci ba. Kunne kuwa kin san halinsa, ƙarar inji ta cinye shi tun tuni, shi ya sa ba na waya. Sai ki yi haƙuri da takarda.

Ina nan gidan ɗana Manaja, can nesa da garinmu, hawa na huɗu. Yana kula da ni har abin ya so ya yi yawa. Daga tagar ɗakina ba abin da nake gani sai rufin motoci, duk kamarsu ɗaya kamar sabulai a kwali.

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Ranar Asabar za a kawo miki motata Tsohuwa a bayan babbar mota. Kin dai san ta: ja, kujera biyu, rufin tamfol, ta girme ki nesa ba kusa ba. Na san za ki ce me ya sa ke, alhali zumuncinmu sai an zauna an warware shi, kakarki ƙanwar mahaifiyata ce. Dalilina biyu. Na ɗaya, bas biyu kike hawa kafin ki kai makaranta. Na biyu, ranar da dangi suka cika ɗakina a asibiti, kowa tambayarsa nawa za ta yi a kasuwa, ke kaɗai kika ce wa ke tayar da ita da safe.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma ba nawa ba ne. Manaja yana da mai saye, wani mai tara tsofaffin motoci. Na ga hoton ɗakin da yake ajiye su: ya zare batir, ya tsiyaye mai, ya ɗora su kan katako, ya kewaye da igiya kar a taɓa. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba bayan na ga hoton nan. Mun ja da Manaja har muka gaji. Shi ya ce tsohuwar mota ba ta zuwa aiki kullum, ko ta zauna ta ruɓe ko a farfasa ta. Ni na ce shekara arba'in da ɗaya ita ke kai ni. Daga ƙarshe ya yarda ta yi shekara guda a hannunki. In ya ji an jingine ta, ko ya ji an yi mata rauni, zai kira mutumin, ni kuma na yi alkawarin ba zan ce uffan ba.

Saboda haka ki hau ta kullum. Irinsu zama ke kashe su, roba ta bushe, birki ya kama, mai ya lalace a tanki. Da safe ki ja cok rabi, ki taka totur sau biyu, ki ba ta minti uku ta farka. Duk Lahadi ki duba baƙin mai da ruwan lagireto. In wani abu ya fi ƙarfinki, ki je bayan tasha ki tambayi garejin Mai Tabarau, ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Ki kuma nemi matashin kai ki sa a bayanki, don ban ga yadda ƙafarki za ta kai ba.

Kawunki

21 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Mama tana gaisuwa, ta ce ka riƙa motsa ƙafar kamar yadda likita ya ce. Ɗalibai suna nan suna gudun lissafin kamar yadda ka bar su.

Tsohuwa ta iso lafiya. Ban san da wane baki zan gode maka ba. Duk layinmu sun fito kallo, har mai wanki ya bar guga ya zo ya shafa ta. Mota ce mai daɗin tuƙi ƙwarai. Tana tashi da bugu ɗaya, giya na shiga sumul, ƙofofinta na rufuwa lafiya. Ruwan da aka yi ranar Talata ko ɗigo bai shigo ba. Ba ta ba ni wata matsala ko kaɗan, ka kwantar da hankalinka.

Ina kula da ita kamar ƙwai. Ka gaishe da Yaya Manaja da iyalinsa.

Taka,
Gajera

2 ga Afrilu

Gajera,

Na samu takardarki, ina amsa gaisuwar mahaifiyarki. Ƙafa ta fara kai ni bakin ƙofa ta dawo da ni, da sanda dai.

Sau uku na karanta abin da kika rubuta. Ko dai motar wani aka kawo miki, ko kuma ba kya hawa. Tsohuwa ba ta taɓa tashi da bugu ɗaya ba, ko ranar da na sayo ta. Giya ta biyu ba ta shiga sai inji ya ɗumama, kafin nan sai an lallaɓa ta. Ƙofar direba sai an ɗan ɗaga ta sama take rufuwa. In kuwa ruwan sama ya same ki a cikinta, to gwiwarki ta jiƙe, don nan tamfol ɗin ke ɗiga, na yi ta liƙewa har na sallama. Ba ki ce komai kan zafin da ke gasa tafin ƙafa ba. Ba ki ce komai kan allurar mai ba, wadda ke tsayawa a rabi ta yi ta rantsuwa har mota ta mutu a hanya.

Wanda ke hawan motar nan kullum ba ya rubuta wasiƙar yabo. Marigayiya Gwaggonki shekara talatin tana yi mata tsiya, amma ko sau ɗaya ba ta yarda an fita da wata ba.

Ban yi fushi ba, tsoro dai na ji. Ban gaya wa Manaja ba, na cusa takardarki cikin kwalin magani inda ba ya dubawa. Ki gaya mini gaskiya ina kika ɓoye ta, kuma da me kika lulluɓe ta.

Kawunki, wanda ba a yi wa wayo kan mota

19 ga Afrilu

Kawu,

Barka da samun zuwa bakin ƙofa. Mu ma lafiya, sai kunya da ta hana ni sakat tun da na buɗe takardarka.

Da zanen gado biyu na lulluɓe ta, a rumfar maƙwabcinmu mai kanti. Ranar da aka kawo ta na zagaya layi sau biyu, wani mai babur ya wuce ta kusa da madubi, sai na juya da ita gida. Na ce ni wace ce da zan sa abin da mutum ya yi shekara arba'in yana tattali cikin wannan cunkoso? Sai na ci gaba da hawa bas, kullum da yamma in ɗaga zane in leƙa ta in mayar. Ka yafe mini ƙaryar.

Ka yi gaskiya kan zama. Da na je tayar da ita batir ya yi sanyi, birkin baya ya kama. Mai Tabarau ya zo da kansa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi zanen gadon, ya girgiza kai. Na gwammace da zagina ya yi.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan ina zuwa aiki da ita, kuma tun da ƙorafi kake so, ga shi. Gwiwata ta jiƙe sau biyu. Takalmina na roba ya yi laushi don zafi, yanzu na fata nake sawa. Mayafina warin fetur yake, har shugabar makaranta ta tambaye ni ko na koma sayar da mai. Ta mutu mini a tsakiyar mahaɗar hanya ranar Alhamis, allura na nuna rabi, direban bas ɗin da nake hawa da shi ne ya sauko ya tura ni yana dariya. In babbar mota ta tsaya kusa da ni, tayarta ce daidai kaina. But ɗinta na zuba kaya kuwa ba ya cin komai, takardun jarrabawar aji uku a kujerar gefe nake ɗora su in ɗaure da igiya.

Amma Kawu, cikin minti ashirin da biyar nake isa makaranta, maimakon awa ɗaya da rabi. Yanzu da Mama nake karyawa, abin da rabona da shi tun da na kama aiki. Sannan akwai wata doguwar kwana bayan gada, inda hanya ke buɗewa. In na saka giya ta uku a nan, sai in ji ta kwanta ta kama ƙasa, ƙugin injin ya hau ta cikin kujera har bayana. Na gane yadda kake jin ta ba da kunne ba. Jiya na kama kaina ina ce mata sannu da aiki.

Matashi biyu nake sawa, kar ka yi dariya.

Gajera

11 ga Yuni

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ga takardunka biyu, ban samu amsawa ba. An samu tsautsayi ranar Laraba. Na koma hawa bas. Ba zan iya dogon rubutu yanzu ba, hannuna rawa yake. Ka yafe mini.

Gajera

24 ga Yuni

Gajera,

Lafiyata ƙalau yanzu, amma ba don ke ba.

Kwana tara takardarki ta yi a hanya, layi huɗu kuma ta ƙunsa. Tsautsayi, bas, hannu na rawa. Me kike so tsohon bakanike ya gani a ciki? Na sha jawo motoci irin Tsohuwa daga ƙarƙashin manyan motoci, na san abin da ake tararwa. Ni na sa ki cikinta, ni na matsa miki ki fito da ita daga rumfa. Na ce shi ke nan, na karya 'yar mutane saboda son ƙarfe.

Kwana biyu ina juya takardar. Ba na jin waya, kuma duk gidan nan ba mai kira mini ke sai Manaja. In na ba shi, ya san an yi wa motar rauni, alkawari ya hau kaina. A rana ta uku na ga wautata, na ɗauki sanda na same shi a falo na miƙa masa. Ina tsaye ya kira ki. Ba na jin abin da yake cewa, bakinsa kawai nake kallo. Da ya ajiye sai ya rubuta mini a bayan ambulan: "Lafiyarta lau. Motar ce."

Gajera, a ƙasa na zauna, ba a kujera ba. Sai da suka ɗaga ni su biyu.

Ya kira mai tara motoci, mutumin zai zo wajenki ya gan ta ƙarshen wata mai zuwa. Ban ce uffan ba, kamar yadda na yi alkawari, kuma ban yi da-na-sani ba. In za a sake, zan sake miƙa masa takardar, a ranar farko ma.

Yanzu ki zauna ki rubuta mini abin da ya faru tiryan-tiryan, kamar kina koya wa daƙiƙin ɗalibi. Ina ne, da me, yaya girmansa.

Kawunki

5 ga Yuli

Kawu,

Na gaishe ka. Da na karanta cewa a ƙasa ka zauna, sai da na fita daga ɗakin malamai. Ban taɓa kawo wa raina za ka ɗauka ni ce na ji ciwo ba. Motar kawai ke gabana. Ko ƙwarzane ba ni da shi, rawar hannun ta tsoro ce.

A ƙofar makaranta ne, da safe. Ina shiga, motar kawo ruwa na fitowa, sai na ja da baya in ba ta hanya. Akwai turken ƙarfe da ake saƙala ƙyauren, gajere ne, ba a ganinsa ta madubi. Na ji ƙum. Gefen baya ne, ɓangaren direba, saman taya. Ya lotsa kamar girman faranti, fenti ya tsage.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani abu fari-fari kamar alli ya ɓalle daga jikinta ya faɗo ƙasa, kaurinsa ya kai yatsa. Ban taɓa ganin ƙarfe ya farfashe haka ba. Na ce na yi mata illar da ba ta gyaruwa, jikinta ya fara marmashewa. Na tsince ɓarɓashin na zuba a ambulan, yana nan cikin jakata. Ko wajen Mai Tabarau na kasa zuwa. Na mayar da ita rumfar mai kanti, na mayar da zanen gado.

Shekara arba'in da ɗaya tana hannunka ba tabo, ni wata uku kacal. Yanzu ga shi za a kai ta ɗakin igiya saboda ni. Mama ta ce in daina kuka in rubuta, to na rubuta.

Gajera

14 ga Yuli

Gajera,

Lafiya lau, har da ƙari. Na yi dariya har matar Manaja ta leƙo ta ga ko jikin ne ya motsa.

Ba zan yi miki bayani ba tukuna, aiki zan ba ki. Ki samo maganaɗisu, ko irin wanda ake manna wa firij ya isa. Ki naɗe shi da ƙyalle mara kauri don kar ya ƙarce fenti. Ki bi jikin Tsohuwa da shi a hankali, daga fitilar gaba har ta baya, gefe da gefe. Inda ya kama ki wuce. Inda ya ƙi kamawa ki tsaya ki zagaye wurin ki ga iyakarsa. Sannan ki zana motar a takarda, ki sa wa kowane wuri lamba, ki aiko mini da gaggawa, kafin ƙarshen wata.

Kar ki bari kowa ya taɓa lotsawar. Ki yaye zanen gadon nan ki mayar wa gado. Gobe da ita za ki aiki.

Kawunki

20 ga Yuli

Kawu,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice, don ina da magana.

Tara! Wuri tara maganaɗisu ya sulale ya faɗi. Na ɗauka shi ne ya lalace, na manna shi a bonet ya kama gam. Mai kanti ya fito yana kallona ina rarrafe a gindin mota da abin firij, bai dai tambaya ba. Ga zanen nan na haɗo. Biyu a gaba, ɗaya ƙarƙashin madubi, uku ƙanana a baya. Na bakwai shi ne babba, kusan rabin ƙofar fasinja har zuwa saman tayar gaba. Na takwas a gindin fitila. Na tara kuwa daidai inda na buga, kuma ya fi lotsawata faɗi.

Na wuce wajen Mai Tabarau da ambulan ɗina. Ya zazzage a tafin hannu, ya murza, ya ce cikon masu fenti ne, da shi ake shafe lotsawa kafin a fesa launi. Ya ce wannan ma shi ya kwaɓa shi da hannunsa, ina makarantar firamare lokacin.

Ashe duk wata ukun nan da nake tafiya kamar mai ɗauke da tiren gilashi, a cikin motar da ta sha duka nake. Na rasa ko in ji haushinka ko in yi rawa. A bakin garejin na zauna na yi ta dariya, hawaye na zuba. Rabona da barci mai daɗi irin na jiya tun ranar turken nan.

Na koma hawanta. Gwiwata ta jiƙe yau da safe. Sai dai mutumin nan yana nan zuwa ranar talatin, ban san amfanin zanen ba.

Gajera

28 ga Yuli

Gajera,

Ina lafiya. Jiya na sauka hawa huɗun nan da ƙafata, na hau da taimako. Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce na gode da ta sa ki rubutu.

Zanenki ya iso ranar Talata. Tayoyin da kika zana ba su yi kama da taya ba, amma lambobin daidai suke. Na ɗaya da na biyu nawa ne, ina sabon shiga, ina ji da kaina. Na uku wani mai keke. Ƙananan na baya da na takwas duk na bangon garejina ne. Na tara na Gwaggonki ne, tana koyon ja da baya ta sami turken ƙofar gidanmu. Kwana uku ba ta yi mini magana ba, wai ni na kafa turken a inda bai dace ba. Ke kin zo kin buga a kan nata, ko taƙi ɗaya ba ki kauce ba. Na daɗe ina kallon lambar nan.

Da safe na shimfiɗa zanen kusa da kofin shayin Manaja. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina faɗa masa mai kowane, na tsallake na bakwai. Da na gama sai na ɗora yatsa a kansa.

Ba ki san wannan ba. Manaja yana da shekara goma sha tara na yi tafiyar kwana biyar, na bar makulli a aljihun riga. Na dawo na tarar da mota a wanke tas, tana ƙyalli fiye da yadda na bar ta. Ɗan da bai taɓa wanke kofi ba. Na ɗauko maganaɗisu na bi ta, ya faɗi a ƙofar fasinja. Ya kai ta wani gareji can nesa inda ba a san ni ba, aikin ma ba laifi. Na dube shi yana ta kai-kawo a tsakar gida da ƙafafunsa biyu, ba karaya ba ɗingishi, na mayar da maganaɗisun aljihu. Ban taɓa tayar da maganar ba.

Ya daɗe yana kallon yatsana. Sannan ya jawo takardar ya rubuta a gefe: "Baba, tun yaushe ka sani?"

Na ce, "Tun kafin in cire takalmi."

Babban mutum, mai ma'aikata sittin a ƙarƙashinsa, sai ga shi yana sosa ƙeya. Ya yi dariya, ya goge ido, ya ce bishiya ce, kuma ita ta shigo hanya. Ban roƙe shi komai ba, alkawari na nan. Shi da kansa ya ɗauki waya ya fita baranda. Da ya dawo ya rubuta mini cewa mutumin ba zai zo ba, batun shekara guda ma a bar shi. Ya ce in gaya miki ki riƙa duba turke.

To Tsohuwa taki ce. Ki kai wa Mai Tabarau ya buga lotsawar ya shafe kafin tsatsa ta shiga, ki rubuta goma a zanenki.

Saura roƙo ɗaya. In kun samu hutu, ki cika tanki, kar ki yarda da allura, ki taho. Awa shida ce, za ta iya. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa zama a kujerar mai zaman banza ba, ta Gwaggonki ce. Ki kwashe takardun jarrabawar nan daga kai, ki share mini ita.

Kawunki